Ƙaho Uku a Bayan Zaharaddeen

Tsafe, Talata

Zuwa ga taubashiyata Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu babanki da duk mutanen gidan Gusau. Ya aiki, ya ruwa? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, ta ce ki daina zama da yunwa a asibiti kina ramewa.

Kin ga abin da katse sabis ɗin waya ya jawo mana ko? Ni Zaharaddeen, direban da ko lambar mota ba ya son rubutawa, yau ga ni da biro. Ɗanlami abokin aikina na tasha zai kawo miki, shi kuma za ki ba amsa. Kada ki ce aikin gashin ƙashi ya hana ki, na san rabin yininku hira ce.

To, ga labarin injinku. Yana aiki. Kullum da hantsi ina danna rimot, ƙarfen nan da aka shimfiɗa min a kan lakar bayana ya fara turo wutarsa, sai in ga cinyoyina sun ɗaure. Ba na jin su, har yanzu daga cibiya zuwa ƙasa ko allura aka soka min ban sani ba, amma ina ganin su da idona. Jiya na ce wa babban yatsan ƙafar dama ya motsa, wallahi ya motsa. Shekara biyu ina kwance tun ranar da mota ta ƙwace min a hanyar Funtua, ba wanda na ba umarni ya bi sai yatsan nan.

Ban miƙe a gida ba tukuna. A wurinku akwai ƙarafan dafawa da ƙattai biyu a gefe, nan kuwa daga ni sai Inna. Amma na yi niyya. So nake ta gan ni tsaye da idonta, don duk abin da na ba ta labari na Gusau cewa take "Allah ya sa", irin ta wanda bai yarda ba.

Caji na ba mu wahala, sai an kai cajar wurin mai sola, amma muna lallaɓawa.

Abu ɗaya ne. Wurin da aka binne min batirin, saman ƙugu ta baya, Inna ta ce ya ɗan tasa. Ni ba na ganin wurin, ba na kuma jin shi, da bakinta kawai na sani. Ta ce ɗinkin ya warke tas, kumburin ne kamar rabin lemo, kuma yana da taushi. Ta damu, kullum sai ta juya ni ta duba. Ki tambayar min Dakta Abdulaziz don hankalinta ya kwanta.

Naki, wanda ya fi ki kyau ko a kwance,
Zaharaddeen

*

Gusau, Asabar

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba ya ɗan yi mura ya warke. Ka gaishe min da Gwaggo Saude da kyau, ka ce mata ina ci.

Rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma na karanta, kuma da na zo wurin yatsan sai da na tashi tsaye a ofis. Na gaya maka tun ranar da muka manna maka wayoyin nan a ƙafa. Kai kana kallon rufi kana ƙunƙuni, ni ina kallon allon kwamfuta. Duk lokacin da ka yi niyyar takawa a ranka, layin ƙafar dama sai ya yi tsalle. Saƙon ƙwaƙwalwarka yana saukowa, rauni gare shi kawai, bai isa ya tada ƙafa ba. Injin ba tafiya yake yi maka ba, lakar yake farkarwa don ta ji kiranka. Shi ya sa muke ɗaukar saƙon a duk zuwa, mu ga inda za a ƙara wuta da inda za a rage. Saboda haka ka daina ce masa injinmu. Naka ne, malalaci.

Kuma kada ka kuskura ka miƙe sai da namiji mai ƙarfi a bayanka. In ka faɗi ka karya Gwaggo ni da kai ne.

Maganar kumburi, na tari Dakta a bakin ƙofa yana sauri. Ya ce in ba ja, ba zafi, ba ya fitar da ruwa, yawanci jini ne ya ɗan taru a ƙarƙashin fata kewaye da batirin, kuma jiki kan shanye shi da kansa. In ya yi ja ko ka ji zazzaɓi, ka taho nan take. In ba haka ba sai ranar awonka, ƙarshen wata, ya gani da idonsa.

Ɗanlami na ta danna min hon a waje, wai so yake ya wuce shingayen hanya da sauran rana. Akwai abin da zan ƙara, ya fita daga kaina. Sai na gaba.

Ma'u

*

Tsafe, Alhamis

Malama likita,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai dai garin ba daɗi. An rufe kasuwa, an hana hawa mashin da yamma, kuma mutanen ƙauyukan wajen Bilbis na ta shigowa da kaya a ka. Ba mai faɗin abin da ya koro su da ƙarfi, kowa ƙasa-ƙasa yake magana.

Amma bari in fara da mai daɗi. Na miƙe! Sama'ila maƙwabcinmu ya riƙe ni ta baya, na dafa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, na danna rimot, na ce bismillah. Ma'u, na manta Inna gajera ce. Na ga tsakiyar kanta, na ga furfurar da ta yi a shekara biyun nan. Tana riƙe da kwanon koko, ta sake shi ya kife, ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa. Washegari ta aika aka auna ƙafata wurin baduku, wai takalmi za a ɗinka min. Na ce Inna tsayuwa ce kawai, ba tafiya ba. Ta ce in rufe mata baki.

Na karanta mata takardarki daga farko har ƙarshe. Da na zo inda likita ya ce jini ne ya taru, sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Au, dama jini ne kawai? Shi ne ake ta wani jira?" Kin san ta, duk shekara sai ta yi ƙaho, haka marigayi Baba ma. Shekaranjiya Malam Garba wanzami ya zo yi min aski, ta sa shi ya juya ni. Ya taɓa wurin ya ce lallai mataccen jini ne. Ya yi 'yan tsage-tsagensa ya kafa ƙaho uku. Ni ina kife ina hira da Sama'ila, ko ƙaiƙayi ban ji ba, amfanin ciwona ke nan. Sun nuna min abin da ya fito, baƙi da wani ruwa-ruwa. Malam Garba ya ce askarsa ta taɓa wani abu mai tauri, na ce masa batir ne, kada ya sa min shi a zabira.

Kumburin ya saɓe, in ji Inna. Ki faɗa wa Dakta mun rage masa aiki, kuma zakara ɗaya aka ba wanzami, shi nawa zai karɓa?

Kawu Manu, ƙanen babanki, ya aiko daga Bungudu wai mu koma can har ƙura ta lafa. Inna na jan ƙafa saboda awakinta. Ban san yadda za ta kaya ba.

Naki, dogo,
Zaharaddeen

*

Gusau, Lahadi

Zaharaddeen,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yafe min gaisuwa. Sai yau takardarka ta iso, Ɗanlami ya ce an tare hanya ya kwana biyu bai fito ba.

Ka taho Gusau. Yau, ba gobe ba. Ko ba ka jin komai, ko kumburin ya tafi, ka taho.

Ka saurare ni da kyau, ba wasan taubasai nake ba. Batirin nan ba shi kaɗai yake zaune ba. Akwai siririyar waya da ta tashi daga jikinsa, ta bi ƙarƙashin fata, ta shige cikin ƙashin bayanka har kan laka. Fata ce kaɗai ƙofar da ta rufe wannan hanya. An tsaga ta a wuri uku, da askar da ta bi kan mutane, an kafa ƙahon da aka tsotsa da baki. Duk ƙwayar cutar da ta shiga ta samu ƙarfe ta maƙale, magani ba ya cika cire ta daga jikin ƙarfe, kuma wayar nan za ta bi ta hau. Kai kuma ba ka jin zafi a wurin, jikinka ba zai yi maka ƙara ba sai abu ya yi nisa.

Na kai wa Dakta takardar. Ya karanta ya cire tabarau. Ya ce in ka iso da wuri akwai fatan a tare cutar da allurai a bar maka injin.

Abin da ya fita daga kaina ranar nan ke nan: kada kowa ya taɓa wurin. Ni da na tashi ina riƙe wa Gwaggo kwano in ana yi mata ƙaho, ni ce na rubuta mata "jini ya taru" na liƙe takarda na miƙa. Me nake tsammani za ta yi?

Kada a shafa komai, kada a gasa, kada a ƙara tsagawa. Ka kashe injin. A rufe wurin da tsumma mai tsabta a sa ka a mota.

Ma'u

*

Bungudu, Juma'a

Ma'u,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Shiru haka? Ko kin ji haushi ne don wanzami ya ƙwace muku aiki? Tun takardar kumburi ban ƙara ganin rubutunki ba.

Kin ga daga inda nake rubutu. Ranar Lahadi da sassafe Kawu Manu ya zo da mota ya kwashe mu, har da awakin. An shiga wani ƙauye kusa da mu, Inna ba ta ƙara musu ba. Ta Gusau muka bi. Ina kwance a baya na hango katangar asibitinku ta taga, na ce a tsaya in tsokane ki ko na minti biyar ne, direban ya ce shi ba ya tsayawa da awaki a mota a wannan zamani. Haka muka wuce. Wani mai ɗaukar kayan miya zuwa Gusau zai kawo miki wannan, Ɗanlami bai san inda muke ba.

Jikin dai da sauƙi. Zazzaɓin damina ya kama ni tun shekaranjiya, sauron Bungudu ba ya wasa. An sayo min magani a kemis ina sha, bai sake ni ba tukuna. Kaina ne ke sarawa ƙwarai. Wuyana kuma ya ƙage, ina jin kwanciyar mota ce, ba na iya sunkuyar da kai in kalli takardar nan, ɗaga ta nake sama. In rubutun ya fi na kullum muni, dalilin ke nan. Na sa an rataya zane a ƙofa, hasken rana na sokar min ido.

Injin ma ya fara iskanci. Jiya na kunna don in nuna wa Kawu tsayuwar, ƙafafun suka hau karkarwa su kaɗai, ban ce musu komai ba. Na kira yatsan, bai amsa ba. Kawu ya ce ba komai, gajiya ce. Na ji kunya wallahi, an tara mutane.

Inna ta ce wurin ya sake tasowa, ya fi da, kuma tsagar ɗaya na ɗan tsatsar ruwa. Tana gasa min da ruwan ɗumi tana shafa man shanu. Ta ce jinin ne bai gama fita ba, akwai wani wanzami a nan unguwar da ake yabo, gobe bayan azahar zai zo ya ƙarasa.

Na tuna kin ce in na ji zazzaɓi in taho. Amma wannan na sauro ne, kowa a gidan ya yi shi. Ƙarshen wata ya kusa ai.

Ma'u, gaskiya tsoro nake ji kaɗan. Ban san na mene ne ba. Ki rubuto ko zagi ne.

Zaharaddeen

*

Gusau, Asabar da safe

Baba Manu,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa, ba lokacin doguwar magana. 'Yarka Ma'u ce.

Wanda ya miƙa maka wannan takarda Ɗanlami ne, akwai katifa a bayan motarsa. Don girman Allah a ɗauko Zaharaddeen a sa shi ciki yanzu, ko abinci kada a tsaya ci. Ba zazzaɓin sauro ba ne. Ciwon ya hau lakarsa, alamun da ya rubuto min na sanƙarau ne. In wanzamin ya riga ya iso, ka tsaya a ƙofa da kanka ka hana shi shiga.

Na aika gargaɗi Tsafe tun Lahadi, Ɗanlami ya tarar da gida a kulle, ga takardar nan ya dawo min da ita ko buɗewa ba a yi ba. Ranar kuka wuce ta ƙofar asibitinmu.

Ni ina nan ina riƙe masa gado, Dakta na jira. Kada ka ce wa Gwaggo komai sai dai likita ne ke kira.

Ma'u

*

Ɗakin maza, Gusau

Ma'u,

Tunda kin ƙi shigowa, sai dai ki aiko da kular abinci ki tsaya a baranda, to ga takarda. Gini ɗaya muke ciki ina rubuta miki wasiƙa, kin ga abin da kika mayar da mu.

Ina lafiya. Kaina ya sake ni, ina cin abinci, jiya har na yi faɗa da Kawu Manu a kan rediyo. Kwanakin da ban san inda nake ba an ba ni labarinsu, an ce ke ce ba ki zauna ba.

Dakta ya yi min bayani, bai ɓoye komai ba. Ya ce ruɓar ta bi wayar har sama, in bai cire komai ba raina ne zai tafi. Ya cire batirin, ya cire wayar, ya cire na kan lakar. Na tambaye shi yaushe za a mayar. Ya ce wurin ya yi tabo, ba ya jin za a iya sake shimfiɗa wani a kai. Na ce ya faɗa min da Hausa. Ya ce ba za a mayar ba.

Da safen nan na sa hannu ƙarƙashin matashi ina laluben rimot, sai na tuna. Na kira yatsan duk da haka. Ina jin da kin manna min wayoyinku da kin ga layin nan naki yana tsalle, don wallahi da ƙarfi na kira. Ba wanda ya amsa.

Ya yi min ciwo, Ma'u, ba zan yi miki ƙarya ba. Da ban taɓa miƙewa ba da ya fi min sauƙi. Amma ki bar ɗora wa kanki. Ke kin rubuta, ni na karanta da bakina, ni aka juya ina hira. Kin ce in na ji zazzaɓi in taho, na zauna ina zargin sauro.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma alkawari nake so. Inna ba ta sani ba. Abin da aka faɗa mata kawai ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma da jininta ya hau Kawu ya mayar da ita Bungudu. Kada ta taɓa jin cewa ƙahon ne. Na roƙi Kawu, na roƙi Dakta, sun yarda. Saura ke, don ke ce ba ki iya rufe baki ba tun muna yara. Matar nan shekara biyu tana juya ni tana wanke ni. Sau ɗaya ta gan ni tsaye. Ki bar mata wannan.

Ki shigo ki ce min kin yi alkawari. Kuma miyar jiya gishiri ya yi yawa.

Zaharaddeen

*

Bungudu, Laraba

Zuwa ga ɗiyata Ma'u,

Assalamu alaikum. Ni ce gwaggonki Saude, Sa'adatu ɗiyar Manu ke rubuta mini. Ina gaishe ki, ina gaida babanki. Allah ya yi miki albarka, ya biya ki abin da kika yi wa ɗan'uwanki. Jikina da sauƙi, jirin ya ragu.

Na samu saƙonki cewa yana ci yana sha, har ya fara tsiya. Alhamdu lillahi. Ga ƙunshi nan, takalmansa ne, baduku ya gama an biyo mu da su daga Tsafe. Ki ajiye mashi kusa da gado inda zai riƙa ganin su.

Matan gidan nan suna ta ce mini in gode Allah da na sa aka fidda jinin da wuri, wai da ba a yi ba da abin ya fi haka. Ni ma haka na riƙa faɗi.

Amma Ma'u, akwai abin da ya tsaya mini. Ranar da motar ta zo, Manu ya tsaya bakin zaure ya kori wanzami kamar ya ga ɓarawo, ya ƙi gaya mini dalili. A asibiti likitan ya tambaye ni ƙaho nawa aka kafa, na ce uku, ya rubuta bai dube ni ba. Ke kanki da na riƙe hannunki a baranda, ƙasa kika kalla. Jiya kuma Sama'ila ya zo daga Tsafe da takalman, sai ga shi da zakara a hannu. Wai Malam Garba ya ji labari, ya ce a maido mini, ba zai iya cin shi ba. Shekara talatin yana yi mana ƙaho, bai taɓa maido komai ba.

Zakaran na nan ɗaure a tsakar gida. Na kasa yankawa, na kasa kallon shi.

Na tambayi Manu ya ce ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, ba ita na tambaya ba. In na tambayi Zaharaddeen dariya zai ba ni. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ko kina ƙarama in kin fasa kwano da kanki kike zuwa ki faɗi.

Na gan shi tsaye, Ma'u. Ya fi ubanshi tsawo.

Ki rubuto mini, ko kalma ɗaya ce, Sa'adatu za ta karanta. Ƙahon nan ne?

Gwaggonki,
Saude